Wai Ni Ce 'Yar Caca? Martani Ga Mai Leƙen Kwamfutar Mutane

Na san da yawanku ci gaban labarinmu kuke jira, har wasu sun fara aiko mini da ƙorafi, to ku yi mini afuwa, wannan makon babu sabon babi. Wata magana ce ta tsaya mini a maƙogwaro, in ban amayar da ita ba, ba na jin alƙalamina zai ƙara tafiya.

A watan jiya aka gayyace mu wani taron marubuta. An ce ƙarfe goma, amma har sha biyu saura kwata manyan baƙi ba su iso ba, kamar dai yadda aka saba. Da zaman ya ishe ni sai na zaro tsohuwar kwamfutata daga jaka na buɗe wasan nan na kati da ake kira Solitaire, ina rage lokaci. Wani marubuci, wanda ba zan kama sunansa ba saboda darajar iyalinsa, ya gifta ta bayana ya leƙa, ya ce, "A'a, Hajiya, ashe ke ma kina taɓawa?" Na yi dariya na ce masa wasan kwamfuta ne kawai. Shi ke nan, ni har na manta.

Bayan kwana tara sai ga kiran yayar maigidana. Ko gaisuwa ba mu gama ba ta ce, "Ke, wace magana nake ji haka? An ce an gan ki a bainar jama'a kina caca." Na ce, "Yaya, caca kuma? Ni?" Ta ce maganar har ta kai gidan mutanen da ke neman auren babbar 'yata, kuma kun san yadda binciken aure yake a ƙasar nan, abin da aka faɗa a kan uwa shi ake aunawa a kan 'ya. Wallahi ranar ban iya cin abincin dare ba. Shekara ashirin ina rubutu, an ce littattafanmu suna ɓata tarbiyya na haƙura, an kira mu marubutan kasuwa na ce na ji na karɓa, kasuwa ai ba abin kunya ba ce. Amma a ɗauki abin da ba a sani ba a jingina shi da auren yarinyar da ba ta ji ba ba ta gani ba, wannan kam ba zan yi shiru ba.

Don haka Malam, tunda leƙe ka yi ba tambaya ba, zauna in karantar da kai abin da ka leƙa.

Mece ce caca? Ni ba malama ba ce, iyakata sakandare, kuma ba fatawa na zo bayarwa ba, wannan aikin masu shi ne. Amma ko yaron da ke tallan goro ya san caca sai da abu biyu: a zuba dukiya, sannan a bar wa sa'a ta raba, wani ya kwashe wani ya tashi hannu rabbana. To a wasan da ka gani, wa na zuba wa kuɗi? Wa ya ci ni, wa na ci? Ni kaɗai ce, sunan wasan ma kansa daga kaɗaici aka samo shi, Turawan Ingila kuwa sunan haƙuri suka ba shi. Saura maganar sa'a, wadda na ji an ce ita ka kafe a kai, wai ai duk abin da aka yi da karta sa'a ce zalla, sa'a kuwa ƙanwar caca ce. A nan ne zan daɗe, domin a nan rashin saninka ya fi fitowa fili.

Bari in fara da inda wasan ya fito. Wani ɗalibi mai suna Wes Cherry ne ya rubuta shi lokacin da yake koyon aiki a kamfanin Microsoft a Amurka, aka saka shi cikin Windows 3.0 a shekarar 1990, wata mai zane Susan Kare ta zana katunan. Ba don caca aka saka shi ba. A lokacin mutane ba su saba da mawus ba, wato linzamin kwamfuta, sai aka ga babu hanyar da ta fi sauƙi a koya musu danna abu, a ja shi, a sake shi a wani wuri, irin a ba su kati su yi ta ja. Ni shaida ce, domin da shi na koya. Wajen 2004 nakan kai rubutuna na hannu wani shagon buga takardu a cikin gari, in zauna a benci ina jira a buga mini shafi goma a zuba a fulofi. Yaron da ke bugawa, in aka ɗauke wa injin buga takarda wuta ko maigidansa ya fita, sai ya buɗe koren allon nan. Rannan na ce ya ba ni in gwada. Hannuna yana rawa, kibiyar tana gudu kamar an kora ta, na kasa ɗora jan tara a kan baƙin goma sai a karo na biyar. Cikin wata biyu na daina jin tsoron kwamfuta, cikin shekara na fara buga littafina da kaina, na huta da masu mayar mini da "ƙauna" ta koma "kauna" da "ɗaki" ya koma "daki". (Yaron nan ya daɗe yana yi mini wayo. Duk sanda na juya sai in ga katuna suna ta tsalle a allonsa alamar ya ci. Sai daga baya na gano a Windows XP in ka danna Alt da Shift da 2 tare, wasan yakan ci kansa. Allah Ya shirye shi, yanzu magidanci ne.)

Ga yadda wasan yake, ga wanda bai taɓa yi ba. Katuna 52 ne, gida huɗu, biyu jajaye biyu baƙaƙe, kowane gida daga A, wadda ita ce ɗaya, har zuwa goma, sannan J, sai Q wato Sarauniya, sai K wato Sarki. Za a jera maka tuli bakwai: na farko kati ɗaya, na biyu biyu, har na bakwai mai kati bakwai. Katuna 28 ke nan, amma na saman kowane tuli ne kawai a buɗe, sauran 21 a kife suke. Ragowar 24 suna gefe a rumbu, kana jan su ɗaya-ɗaya ko uku-uku, gwargwadon yadda ka zaɓa. A sama akwai gurabe huɗu, nan ne kowane gida zai hau daga A har K. A ƙasa kuwa saukowa ake yi ana sassaɓa launi: jan 9 a kan baƙin 10, baƙin 8 a kan jan 9. In tuli ya ƙare wurinsa ya zama fili, babu mai zama a filin sai Sarki. In duka 52 suka hau sama, ka ci.

Dokar ke nan gaba ɗaya, yaro ɗan shekara bakwai zai haddace ta kafin a sauke tukunya. Amma haddace doka daban, ci daban. Shekarata ta farko da kyar nake cin ɗaya cikin goma, ni ma ina cewa ba ni da sa'a. Yanzu a ja ɗaya-ɗaya nakan ci uku ko huɗu cikin goma ba tare da na koma baya na gyara kuskure ba. Sa'ata ce ta ƙaru, Malam? Ko kuwa wani abu na koya?

Abu na farko da na koya shi ne wasan ba na katunan da kake gani ba ne, na guda 21 ɗin nan ne da ke kife. Duk motsin da ba zai buɗe maka kifaffen kati ba, ko ya share hanyar buɗe shi, to ka tsaya ka yi tunani kafin ka yi shi. Misali, ga jan 9 a buɗe, ga baƙin 8 guda biyu duk za su iya hawa kansa, ɗaya yana kan tuli na biyu da kati ɗaya tak a ƙarƙashinsa, ɗayan yana kan tuli na bakwai da katuna shida a ƙarƙashinsa. Sabon shiga wanda ya fi kusa da hannunsa zai ja. Wanda ya ƙware na tuli na bakwai zai ɗauka, domin dogon tuli shi ne kurkukun wasan, in ba ka fara fasa shi da wuri ba, a ƙarshe za ka tarar A ɗin da kake nema tana can ƙasansa a danne, kai kuma ba ka da inda za ka sauke na samanta. Haka kuma in kati daga rumbu da kati daga tuli suna neman gurbi ɗaya, na tuli ake ba wa, na rumbu zai sake zagayowa, ba inda za shi.

Na biyu, kuma nan ne mafi yawan mutane ke faɗuwa, shi ne gaggawar kai kati sama. A da 2 kam da zarar sun fito a kai su, babu amfanin da za su yi maka a ƙasa. Amma daga 3 zuwa sama a bi a hankali. Mutum zai ga baƙin 5 yana da hanyar hawa, sai ya cilla shi sama yana murna maki ya ƙaru. Jim kaɗan sai ga jan 4 ya bayyana a kan dogon tuli, yana neman baƙin 5 da zai zauna a kai, babu. Da hannunka ka kore shi. Ƙa'idar da nake bi ita ce ba na ɗaga baƙin 5 sai na ga jajayen 4 guda biyu sun riga sun hau ko sun sami mazauni, haka kowane kati. Wani lokacin ma har sauko da kati nake yi daga sama in dawo da shi ƙasa don ya karɓi wani, ko da maki zai ragu. Sauri ya haifi nawa, in ji masu iya magana, kuma ban taɓa ganin inda maganar ta zauna daram kamar nan ba.

Sai maganar fili da Sarki. Share tuli ya zama fili abin daɗi ne a ido, amma in ba ka da Sarkin da zai shiga, ka rage wa kanka wurin aiki ne daga bakwai zuwa shida. Kada ka rushe ɗaki ba ka ga mai tarewa ba. In kuma Sarakuna biyu ne ke jira, ja da baƙi, to ba wanda ya fara zuwa ake ba wa ba. Duba abin da ya tokare ka. Jan Sarki baƙar Sarauniya yake ɗauka, ita kuma jan J, shi kuma baƙin 10. In abin da ya danne maka dogon tuli jan J ne, to jan Sarki za ka shigar, ko da baƙin ya fi daɗewa a layi. Wannan lissafin hawa uku ne tun kafin ka taɓa linzami. Ko akwai ɗan cacar da ke irin wannan lissafin kafin ya jefa kuɗinsa?

Ja uku-uku kuwa shi ne na manya, kuma shi ka gan ni ina yi ranar. A nan rumbu yana ba ka katuna uku a lokaci guda amma na sama kaɗai za ka iya taɓawa, wato a zagayen farko na uku, na shida, na tara, haka har na 24. In ba ka ɗauki komai ba, zagaye na biyu su ɗin dai za ka sake gani. In ka zare guda ɗaya, duk waɗanda ke bayansa sun gusa da taki ɗaya a zagaye na gaba, waɗanda suke ɓoye su fito, waɗanda suke fili su nutse. In ka zare uku kuwa, na bayansu sun koma yadda suke, ba ka canja komai ba. Saboda haka sau da yawa nakan zagaya rumbun gaba ɗaya ban taɓa komai ba, ina dai haddace jerin, sannan in yanke shawarar wanda zan zare da wanda zan bari duk da yana da wurin zama, don kawai jan 6 ɗin da na hango a tsakiya ya faɗo a sama a zagaye mai zuwa. Ranar da ka leƙa, Malam, abin da nake ƙirgawa ke nan, shi ya sa ban ɗago na amsa maka da kyau ba. Wataƙila shi ne laifina.

Yanzu bari in ba ka naka, don kada a ce na yi son kai. Akwai rabon sa'a a ciki. Wasu masana biyu a Jami'ar St Andrews ta Sikotilan, Charlie Blake da Ian Gent, sun sa kwamfuta ta auna wasan a 2019, suka gano cewa a ja uku-uku, ko da an nuna maka duk katunan da ke kife, kusan kashi 82 cikin 100 na rabon ne ke ciyuwa. Ke nan kusan ɗaya cikin biyar babu mahalukin da zai ci shi, tun daga rabawa a mace yake. Na yarda. To amma noma fa? Manomi yakan yi komai daidai ruwa ya ɗauke masa a watan Agusta. Ɗan kasuwa yakan saro kaya farashi ya faɗi. Ni kaina na taɓa buga littafi kwafi dubu uku ya kwanta a shago, na buga wani da ban ɗauke shi bakin komai ba aka yi ta sake bugu. Ba a kira ɗayanmu ɗan caca ba. Abin tambaya shi ne sauran huɗun nan da ke ciyuwa, me ya sa mafi yawan mutane ke zubar da su? Ba sa'a ce ta zubar musu ba, hannunsu ne.

Na kuma yarda akwai wani zaɓi a cikin wasan mai suna Vegas, sunan birnin cacar nan na Amurka, inda ake fara ka da bashin dala 52 a ba ka dala 5 kan kowane katin da ya hau. Kuɗin bogi ne, ko ƙwandala ba ta fita daga aljihun kowa, amma ni ban taɓa son sa ba, ba na kunna shi. Sannan na yarda yana cin lokaci in aka sake masa. Na taɓa ƙona miyar kuka ƙurmus a kan "bari in ƙarasa wannan", maigida ya ci tuwo da mai da yaji ranar, har gobe yana yi mini gori. A 2006 ma magajin garin New York na lokacin, Michael Bloomberg, ya kori wani ma'aikaci saboda ya ga wasan a allon kwamfutarsa a ofis. Amma lura, laifin wasa a lokacin aiki aka kama shi da shi. Da ka ce Hajiya tana ɓata lokaci, da na ce ka yi gaskiya wani bi, ko da yake lokacin da na ɓata ranar ba nawa ba ne, na manyan baƙin da suka shanya mu ne.

In da gaske kishin al'umma ne ya motsa ka, ga inda ya kamata ka kai leƙenka. Tun da aka fitar da Windows 8 a 2012 aka cire tsohon wasan, da ya dawo cikin Windows 10 a 2015 sai ya dawo da talla, mai son a cire masa tallar sai ya biya. Shi ya sa na riƙe tsohuwar kwamfutata mai Windows 7 duk da batirinta ya gaji. Na waya kuwa sun fi muni. Ka maƙale, sai a ce kalli talla a nuna maka mafita, wasu ma rabon da aka tabbatar yana ciyuwa kawai suke ba ka don ka ji daɗi ka zauna. An cire haƙurin, an bar tsallen katuna. Akwai kuma waɗanda ake zuba kuɗi na gaske a yi gasa da wasu a kwashe. Wannan ita ce caca, sunanta ke nan, ko da kati aka yi ta ko da ƙwallo, kuma in na kama ta a wayar ɗana sai na fasa wayar. Samarin unguwarku nawa ne ke zuba kuɗin cefanen iyayensu a cacar ƙwallo ta waya? Ban taɓa ganin ka rubuta layi ɗaya a kansu ba. Sai matar aure mai 'ya'ya biyar da ke jera jan tara kan baƙin goma ita kaɗai a kujerar roba.

Shi wasan nan da ka raina, masu yin manyan wasannin bidiyo ma sukan ɓoye irinsa a cikin nasu don mai wasa ya huta in kansa ya yi zafi. Ɗana ya nuna mini wani mai suna Shenzhen I/O na 2016, wasa ne na haɗa na'urori mai wahalar gaske, amma ƙaramin wasan katin da aka saka a ciki ya yi farin jinin da sai da aka fitar da shi shi kaɗai. A 2019 kuma aka shigar da Solitaire na Microsoft cikin jerin fitattun wasannin bidiyo na duniya a wani gidan tarihi da ke Rochester a jihar New York. Ba na ce wannan hujja ce a kanmu ba, Bature ya karrama abu ba ya halatta shi. Na kawo ne don ka san abin da ka ɗauka sirrin 'yan caca ne, sakatarori da akawuna na duniya sun fi shekara talatin suna yin sa a gaban iyayen gidansu.

Alhamdu lillahi, maganar auren ba ta lalace ba. Sai da maigidana da wansa suka taka har gidan mutanen, dattawa biyu da furfurarsu, suna bayanin wasan kwamfuta kamar masu neman gafara. Uban yaron mutumin kirki ne, tsohon ma'aikacin banki, dariya ya yi ya ce shi ma da shi ya koyi linzami. An sa rana bayan Babbar Sallah. Amma da a ce wani gidan ne fa? Da wa zai biya yarinyar nan?

Don haka ga tayina, a gaban makaranta nake yi maka shi. Akwai ƙanin wasan nan mai suna FreeCell, shi duk katunansa a buɗe suke, babu kifaffe ko ɗaya, kuma kowane rabo yana da lamba, ana iya kiran lamba ɗaya sau biyu a sami rabo iri ɗaya sak. Cikin rabo 32,000 na asali, guda ɗaya tak aka tabbatar ba ya ciyuwa, mai lamba 11982, shi na ɗauke maka. A taro mai zuwa ka zaɓi lambobi goma da bakinka, ka yi in yi, a gaban shaidu. Bayan nan mu koma Solitaire ɗin da ka gani, wasa ashirin-ashirin, ja uku-uku, ba komawa baya. In sa'a ce kamar yadda ka yaɗa, ai ba za ta san fuskata ba balle ta fifita ni, sai mu tashi kusan kunnen doki. In ka kamo ni, zan rubuta a nan cewa ka fi ni gaskiya, in goge wasan daga kwamfutata. In kuwa na yi maka nisa, ba na son sisinka, don kada ka ce ga cacar ta tabbata. Abin da nake so shi ne ka sa babbar rigarka ka bi maigidana gidan yayarsa, ka maimaita mata da bakinka abin da ka gani a allon nan da abin da ka ƙara daga cikinka.

Taron ranar Asabar ta biyu ga wata ne, an ce ƙarfe goma. Ni tara da rabi zan zo, da cajata a jaka.